Kuɗin kwance nakiyoyi a ƙasashen waje: sadaka ce, bashi ne, ko siyasa?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga malamai da duk wanda ya san yadda harkar agaji tsakanin ƙasashe take tafiya. Na karanta cewa a shekarar 2023 kuɗin da aka zuba a aikin kwance nakiyoyin da aka binne a ƙasa ya haura dala biliyan ɗaya a duniya baki ɗaya, kuma kusan dala miliyan 800 daga ciki wasu gwamnatoci ne da Tarayyar Turai suka bayar domin a yi aikin a ƙasashen da ba nasu ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wadda ta fi kowa bayarwa ita ce Amurka, alhali har yau ba ta shiga yarjejeniyar Ottawa da ta haramta nakiyoyin da ake binne wa mutane ba, kuma a watan Nuwamba na 2024 ita da kanta ta amince ta bai wa Yukren irin waɗannan nakiyoyi. Bayan wata biyu kacal, a Janairun 2025, sabuwar gwamnatinta ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, masu aikin kwance nakiya a Kambodiya da Lawos da Biyetnam suka ajiye kayan aiki.

Tambayata kashi uku ce. Mene ne yake sa gwamnati ta ɗauki kuɗin harajin talakawanta ta kai wata ƙasa domin a tone nakiya? Hannun wa kuɗin yake shiga? Kuma me ya sa aka doshi shekara talatin da ƙulla yarjejeniyar amma har yanzu da sauran rina a kaba?

Malam Mai Nazari ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da tambayarki ta biyu, domin idan aka gane hanyar da kuɗin yake bi, sauran za su zo da sauƙi.

An sa hannu a yarjejeniyar a birnin Ottawa na Kanada a Disambar 1997, ta fara aiki ranar 1 ga Maris 1999, kuma ƙasashe fiye da 160 suka shige ta. Sashe na 5 ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin share nakiyoyin da ke cikin ƙasarta a cikin shekara goma, tare da damar neman ƙarin wa'adi idan ta gaza. Sashe na 6 kuwa ya ce ƙasar da take da hali ta taimaka wa wadda ba ta da shi. A nan gizo yake saƙa: an yanka wa mai nakiya wa'adi, amma ba a yanka wa mai bayarwa adadi ba. Babu ƙasar da za a tuhuma domin ta rage tallafinta ko ta janye shi gaba ɗaya, saboda tun farko da ganin dama aka rubuta shi.

Kuɗin da kansa ba kasafai yake shiga baitulmalin ƙasar da abin ya shafa ba. Ma'aikatar harkokin waje ko hukumar raya ƙasashe ta ƙasar da ke bayarwa ita ce take tallata kwangila ko ta ba da tallafi, manyan ƙungiyoyin da suka ƙware su nema. Fitattu a cikinsu akwai HALO Trust, wadda ta fara aiki a Afganistan a 1988, da MAG mai hedikwata a Manchesta, da ƙungiyar agaji ta mutanen Nowe, sai kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da nakiyoyi, wato UNMAS, wadda aka kafa a 1997. Waɗannan su ne suke ɗaukar 'yan ƙasa aiki, su horar da su, su saya musu na'urar gano ƙarfe da sulke da motoci, hukumar ƙasar kuma ta tsara wuraren da za a fara da su, ta duba ingancin aikin, ta ba da takardar shaida idan an gama.

Masu bayarwar ba su da yawa. A 2023 Amurka da Jamus da Tarayyar Turai da Japan da Nowe su ne suka ɗauki mafi yawan nauyin, kuma Amurka kaɗai ta ce daga 1993 ta kashe fiye da dala biliyan biyar a aikin lalata makamai da kwance nakiyoyi a ƙasashe sama da 120. Idan aiki ya rataya a wuyan mutum biyar, to ranar da ɗaya ya yi tuntuɓe kowa sai ya ji a jikinsa, kuma abin da kika gani a Janairun 2025 ke nan.

Adadin dala biliyan ɗayan nan ma yana da ruɗi. A cikin tallafin waje na 2023, Yukren kaɗai ta karɓi sama da dala miliyan 300, wato kusan kashi 39 cikin ɗari. Ba na musun buƙatarta, domin gonakinta da suke ciyar da ƙasashe da dama da alkama sun cika da nakiyoyi tun bayan mamayar Rasha a 2022. Amma ƙasashen da yaƙinsu ya tsufa, kyamarorin 'yan jarida suka daɗe da barinsu, ba su ga wani ƙari ba, wasunsu ma raguwa suka gani. Waɗanda nakiya ta riga ta cire wa ƙafa ko ido kuwa, abin da aka ware domin jinyarsu da ƙafar roba da koya musu sana'a bai wuce kashi shida cikin ɗari ba, a shekarar da aka ƙirga mutum 5,757 da nakiyoyi da ragowar makaman yaƙi suka kashe ko suka raunata, mafi yawansu fararen hula.

Duk da haka kada a ce kuɗin bai yi amfani ba. Mozambik ta fara share ƙasarta a 1993 bayan yaƙin basasa, ta yi shelar kammalawa a Satumbar 2015, kuma HALO kaɗai ta cire nakiyoyi fiye da 170,000 a can. A taron Maputo na 2014 ƙasashe sun ɗauki burin gamawa kafin ƙarshen 2025. Shekarar ta zo ta wuce, ƙasashe da yawa suna kan neman ƙarin wa'adi, a shekarar ce ma Foland da Finlan da Estoniya da Latbiya da Lituwaniya suka ba da sanarwar ficewa daga yarjejeniyar saboda tsoron Rasha.

Tsohon Ma'aikacin Borku ya amsa:

Malam ya yi bayanin sama, ni kuma bari in faɗi abin da idona ya gani a ƙasa. Na yi shekara biyu ina aikin jinya tare da wata tawagar kwance nakiya a arewacin Chadi, a yankin Borku da ke kewaye da garin Faya, inda yaƙin Chadi da Libiya na shekarun 1980 ya bar nakiyoyi a hanyoyin ayari da bakin rijiyoyi. Dokar aikin ita ce ba a shiga fili sai da ma'aikacin jinya da motar ɗaukar mara lafiya a tsaye, don haka kullum ina zaune a bakin fili ina kallo.

'Yata, idan kina son sanin dalilin da ya sa aikin ba ya ƙarewa, ki tsaya ki kalli mutum ɗaya na yini ɗaya. Da an yi sallar asuba ake fita, domin kafin azahar rana ta hana kowa sakat. Kowane ma'aikaci yana da layinsa mai faɗin mita ɗaya, an kafa masa turaku masu jan fenti a gefen da ba a share ba, farare a gefen da aka share, kuma tsakaninsa da na kusa da shi akwai tazara mai yawa, domin idan tsautsayi ya faɗa kada ya haɗa da mutum biyu. Zai durƙusa da sulke a ƙirji da gilashin kare fuska, ya shafa na'ura a kan ɗan wurin da bai fi tsawon hannu ba. Idan ta yi ƙara, sai ya ja baya kaɗan ya fara tono daga gefe, a hankali kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa, domin ya iske nakiyar ta haƙarƙarinta, kada ya danne ta ta sama. Sau da yawa abin da zai fito da shi kwanson harsashi ne, ko ƙusa, ko murfin gwangwanin kifi da wani soja ya yar shekara talatin da suka wuce. Amma dole kowace ƙara a ɗauke ta a matsayin nakiya har sai an ga zahiri. Wasu nakiyoyin kuma jikinsu na roba ne, ƙarfen da ke cikinsu bai fi kan allura ba, don haka ba a isa a rage ƙarfin na'urar domin a huta da ƙusoshi ba. Ga kuma rairayi da yake tafiya: iska ta kwana tana kaɗawa, da safe ka tarar ta binne turakun da aka kafa jiya, nakiyar da take a zurfin taƙi ɗaya ta koma ƙarƙashin tudu.

Yanzu ki auna wannan tafiyar hawainiya da yadda kuɗin yake zuwa. Tallafinmu na wata goma sha biyu ne, wani lokaci goma sha takwas. Wata biyu ko uku na farko suna tafiya wajen fito da kaya daga kwastan, da horar da sababbin ma'aikata, da jiran takardar izini. Da aiki ya kankama, hannun mutane ya faɗa, sai a fara raɗe-raɗin ko za a sabunta ko ba za a sabunta ba. A shekarata ta biyu shugaban tawaga ya tara mu a inuwar mota, ya ce ƙasar da take ba da kuɗi ta sauya abin da ta sa a gaba, ƙarshen wata kowa ya karɓi hakkinsa. Fili ɗaya da muke kai an ci wajen rabinsa. Aka goge na'urori aka cire musu batir, aka jera su a cikin kwantena aka sa kwaɗo. Wani dattijo mai raƙuma da yake kawo mana nono ya zo ya tsaya yana kallonmu muna loda kaya, ya tambaye ni da Larabcin Chadi ko yanzu zai iya bi ta gajeriyar hanya zuwa rijiya. Na ce masa a'a, ya ci gaba da zagayawa. Bai ce komai ba, ya ja akalarsa ya tafi.

Chadi ta shiga yarjejeniyar tun 1999, wa'adinta na farko ya cika a 2009, kuma tun daga lokacin ake ta ƙara mata. Wanda ya karanta wannan a takarda zai ɗauka lalaci ne. Ni da na ga kwantenar nan a kulle na san cewa aikin shekara goma ba ya yiwuwa da kuɗin da ake tsakurowa shekara-shekara.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Allah ya saka wa Baba da alheri. Ni inda nake da ja shi ne kalmar tallafi ita kanta, domin a wurare da yawa bashi ne ake biya a makare, a kuma sa masa sunan kyauta.

A duba Lawos. Daga 1964 zuwa 1973 jiragen Amurka sun zuba mata bama-bamai fiye da tan miliyan biyu, a cikinsu akwai ƙananan 'ya'yan bam kimanin miliyan 270, kuma an ƙiyasta cewa wajen miliyan 80 ba su fashe ba. Suna nan a cikin gonakin shinkafa, girmansu bai fi lemo ba, yara suna ɗauka su yi wasa da su. Da Barack Obama ya kai ziyara a Satumbar 2016 ya yi alkawarin dala miliyan 90 a cikin shekara uku, aka yi ta yabo. To amma wa ya zuba su? Wanda ya ɗaure kura ai shi ya kamata ya kwance ta, kuma ba ya jiran a gode masa.

A duba Aljeriya kuma. Faransa ta shimfiɗa miliyoyin nakiyoyi a kan iyakokinta da Tunisiya da Maroko lokacin yaƙin neman 'yanci, Aljeriya ta samu 'yancin kai a 1962, amma taswirar wuraren da aka binne su ba a miƙa ta ba sai a 2007. Shekara arba'in da biyar makiyaya da manoma suna taka abin da takardarsa take ajiye a wata durowa. Mu ma a Nijar, nakiyoyin da ke kewaye da tsohon sansanin soja na Madama, can kusa da iyakar Libiya, tun zamanin mulkin mallaka suke. Haka na Angola: a lokacin yaƙin cacar baka manyan ƙasashe ne suka yi ta tura wa ɓangarorin biyu makamai, kowa yana goyon nasa.

Saboda haka, Malama, amsar tambayarki ta farko a wurina ita ce, suna bayarwa ne domin da hannunsu a ciki. Aibin tsarin shi ne an bar mai laifi ya yanka wa kansa tara, ya kuma zaɓi ranar da zai daina biya.

Hajiya Akanta ta amsa:

Ɗan'uwana na Damagaram, maganarka a kan Lawos ba ta da makusa, amma ba ta rufe ko'ina ba. Nowe ba ta jefa bam a Kambodiya ba, Japan ba ta binne nakiya a Angola ba, kuma suna cikin manyan masu bayarwa. Nakiyoyin da suka fi kashe mutane a 'yan shekarun nan ma yawancinsu ba na Turawan mulkin mallaka ba ne. A 2023 Miyanma ce ta fi kowace ƙasa yawan waɗanda abin ya rutsa da su, mutum sama da dubu ɗaya, kuma 'yan ƙasar ne suke binne wa junansu. Haka bama-baman haɗin gida da ake dasawa a hanyoyin Borno da Yobe da Adamawa, waɗanda yarjejeniyar take lissafa su a matsayin nakiya matuƙar takun mutum ne yake tayar da su. Najeriya ta taɓa shelar cewa ta gama da nakiyoyi a 2011, daga baya ta koma neman sabon wa'adi. Wa za mu bi wannan bashin?

Ni aikina lissafi ne, kuma abin da na fahimta shi ne gwamnati ba ta fitar da kuɗi da dalili ɗaya. Akwai tausayi na gaske daga jama'arsu, wanda hoton Gimbiya Diana tana tafiya cikin filin nakiya a Huambo ta Angola a Janairun 1997 ya tayar. Akwai tsaro, domin nakiyar da ba a cire ba da harsashin igwa da aka bari a daji su ne 'yan tayar da ƙayar baya suke fasawa su ɗebi garin da ke ciki. Akwai kasuwanci, domin ba a shimfiɗa titi ko layin dogo a kan filin da ba a share ba. Akwai kuma neman fada a wurin gwamnatin da aka taimaka wa. Duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan dalilai ya yi sanyi, kuɗin ma sai ya yi sanyi. Birtaniya ta yi alkawarin fam miliyan 100 na shekara uku a 2017, amma da ta rage kasafin agajinta daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa a 2021, aikin nakiya yana cikin waɗanda suka fi shan wuƙa, kuma a 2025 ta sake sanar da saukowa zuwa 0.3.

Misalin Aljeriya da ka kawo, ai ni yake goya wa baya. Sojojinta ne suka yi aikin, da kuɗin ƙasarsu, har ta sanar da kammalawa a 2017. Angola ma, wadda yaƙinta ya ƙare a 2002, ta ware dala miliyan 60 daga aljihunta a 2019 domin share filaye 153 a kudu maso gabas, inda kogin Okabango yake samo ruwa, saboda ta lissafa abin da za ta samu a yawon buɗe ido idan giwaye suka dawo. Zanen aro ba ya rufe katara. Ƙasar da take iya sayen jirgin yaƙi tana iya biyan albashin mutum ɗari biyu masu durƙuso da na'ura, kuma abin kunya ne a ce babu ko layi ɗaya na wannan aiki a kasafin kuɗinta.

Su ma masu bayarwa ina da abin da nake zarginsu da shi, amma ba wanda ka faɗa ba. Sun daɗe suna son a kawo musu rahoton yawan nakiyoyin da aka fasa da hoton da za su nuna wa majalisarsu, alhali aikin da ya fi sakin ƙasa da arha shi ne bincike: a zauna da mai unguwa da makiyaya da tsofaffin sojoji, a tambayi inda dabba ta taɓa tashi da inda ake noma lafiya shekara da shekaru. Ta wannan hanya ake gane cewa babban ɓangaren filin da ake tsoro babu komai a cikinsa, a sake shi ba tare da an tona ko taƙi ɗaya ba. Kuɗin shayi da man mota ne, amma ba ya yin kyau a hoto.

Ɗalibar Tarihi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamaina, na ƙaru. Hajiya, na karɓi maganarki a kan kasafin kuɗi, ko da yake ina ganin Aljeriya da Angola suna da man fetur mai yawa, abin da ba kowace ƙasa mai nakiya take da shi ba. Baba na Borku, idan ba za ka damu ba, ina son sanin abin da ya faru da filin da kuka bari a rabi, da kuma mutanen da aka horar.

Tsohon Ma'aikacin Borku ya amsa:

Babu damuwa, 'yata. Kafin mu tashi an yi abin da doka ta tanada: an auna iyakar inda aka tsaya da na'urar tauraron ɗan'adam, an rubuta a takarda an miƙa wa hukumar ƙasa, an tara duwatsu an shafa musu jan fenti, an kafa alluna masu hoton ƙoƙon kai. Amma allon ƙarfe a wurin da babu ko langalanga ba ya daɗewa, wani zai cire ya yi murfin tukunya ko ƙyauren akurki, fenti kuma rana da rairayi suna cinye shi cikin shekara ɗaya ko biyu. Idan tazarar ta yi tsawo, tawagar da za ta zo daga baya ba za ta amince da tsohuwar iyaka ido rufe ba, dole ta koma baya ta sake bin wani ɓangare na inda muka riga muka share, wato a biya kuɗin wuri ɗaya sau biyu.

Mutanen kuwa kowa ya kama gabansa. Waɗanda suka iya Faransanci sosai, biyu ko uku, sun samu aiki da wasu tawagogi a ƙasashen waje, domin wanda hannunsa ya faɗa a wannan sana'a ana nemansa; ai 'yan Zimbabuwe ne suka share wa Birtaniya tsibiran Fokland har aka gama a 2020. Da yawa sun nufi wuraren haƙar zinariya a yankin Tibesti na arewacin Chadi. Wanda muka fi shaƙuwa da shi, wanda ya fi kowa natsuwa a kan layi, yanzu tukin motar haya yake yi tsakanin Faya da Njamena. Mukan yi waya lokaci-lokaci, kuma har yanzu takardar shaidar horonsa tana cikin aljihun motar a naɗe a leda, ko da za a sake kira.